Majalisar birninmu ta yi alkawarin kai hayaƙin kabon ga sifili: ta yaya za mu gane ko da gaske take?

Mai Neman Sani ta rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Majalisar birnin da nake zaune ta fitar da wani kundi mai kauri a kan yadda za ta rage hayaƙin kabon har ta kai shi ga abin da ta kira matakin sifili, kuma ta gayyaci mazauna birnin zuwa zaman jin ra'ayin jama'a kafin kansiloli su kaɗa ƙuri'a a kansa. Na karanta kundin sau biyu da biro a hannu, domin ina son in halarci zaman in yi magana bisa sani, amma tambayoyin da na tashi da su sun fi waɗanda na zauna da su yawa.

Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne shekaru biyu mabambanta da na tarar a ciki. A shafin farko an rubuta da manyan baƙaƙe cewa majalisa za ta kai sifili a wata shekara da ke kusa, sai can tsakiyar kundin na ga wata shekarar mai nisa, aka ce ita ce ta birnin baki ɗaya, kuma babu inda aka yi bayanin dalilin raba su. Bayan haka, a zanen da ke shafin ƙarshe, ginshiƙin hayaƙin bai taɓa ƙasa ba ko a shekarar da aka ce an kai sifili. Akwai wata ragowa da aka shafa wa koren launi, aka rubuta a gefenta cewa za a cike gurbinta ta wasu hanyoyi.

Ni ba mai shakkar sauyin yanayi ba ce, kuma ina son wannan aiki ya yi nasara, shi ya sa ba na son in je in tafa wa abin da ban fahimta ba, ba na kuma son in soki abin da wataƙila daidai yake. Ina roƙon masu ilimi a wannan fanni su taimaka mini: mene ne ainihin ma'anar wannan sifili, nawa ne daga hayaƙin birni ke hannun majalisa, kuma da wace alama ake bambance shirin da za a aiwatar da wanda zai ƙare a kan takarda?

Tsohon Akawu ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Tambayarki ta faɗo a kan abin da na yi shekaru ina yi, wato duba littattafan lissafi, kuma a ganina wannan magana ta lissafi ce kafin ta zama ta injiniyoyi.

Sifilin da ake nufi sifili ne na bayan lissafi. Ana ɗora abin da aka fitar na hayaƙi a gefe guda, a ɗora abin da aka janye daga sararin sama a ɗaya gefen, idan suka yi daidai sai a ce an kai. Asalin maganar daga yarjejeniyar Faris ta 2015 take, inda ƙasashe suka amince su riƙe ƙaruwar zafin duniya ƙasa da digiri 2 sosai, su kuma yi ƙoƙarin tsayar da ita a digiri 1.5. A 2018 kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya bayyana cewa cimma digiri 1.5 na buƙatar rage hayaƙin kabon na duniya da kimanin kashi 45 cikin 100 zuwa 2030, idan aka kwatanta da 2010, sannan a kai sifili wajen 2050. A watan Nuwamba na wannan shekarar majalisar birnin Biristol a Ingila ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan yanayi, ta sa 2030 a matsayin shekarar da birnin baki ɗaya zai kai sifili, daga nan majalisu da yawa suka bi sahu. Saboda haka koren ɓangaren da kika gani ba laifi ba ne a kan kansa. Laifin yana ga girmansa. Idan ɗan siriri ne da aka bar wa abin da ya gagari ragewa, to, haka tsarin yake; idan kuwa ya kai kashi ɗaya bisa uku ko rabin ginshiƙin, to, an ɗauki bashi ne ba tare da an faɗi wanda zai biya ba.

Shekaru biyun da suka ruɗe ki kuma sun fito ne daga iyakar da aka shata wa lissafin. Shekara ta kusa ta shafi abin da majalisa ta mallaka kawai: ofisoshinta, motocinta na kwasar shara, fitilun titi, ɗakunan karatu da filayen wasanni da take gudanarwa. Wannan ɗan ƙaramin yanki ne ƙwarai. Kwamitin da ke ba gwamnatin Birtaniya shawara a kan sauyin yanayi ya ƙiyasta a 2020 cewa abin da majalisun ƙananan hukumomi ke fitarwa da kansu bai wuce kashi 2 zuwa 5 cikin 100 na hayaƙin yankunansu ba, amma suna da tasiri a kan kusan kashi ɗaya bisa uku ta hanyar ikonsu na ba da izinin gini, tsara tituna, kula da shara da gidajen da suke bayarwa haya. Majalisa na iya kai nata hayaƙin ga sifili, ta yi bikin nasara da gaskiyarta, alhali birnin yana nan kusan yadda yake. Shi ya sa shekara ta biyu, wadda aka sa a tsakiyar kundin, ita ce ta cancanci shafin farko.

Akwai wata iyaka kuma da ba a cika ambata ba. Ƙa'idar lissafin hayaƙin birane da aka ƙaddamar a 2014 ta kasa hayaƙin gida uku: wanda ke tashi a cikin iyakar birni, kamar na motoci da injuna; wanda ke tashi a tashar da ke samar da wutar lantarkin da birnin ke sha, ko da tana nesa; da wanda ke tashi a wasu wurare saboda harkokin birnin. Mafi yawan majalisu na ƙirga biyun farko ne da ɗan wani abu daga na uku. Simintin da aka gina sabuwar gada da shi, ƙarfen rodin, tufafin da mazauna ke saye da jiragen da suke hawa, duk ana rubuta su a littafin wani wuri. Ƙungiyar manyan birane ta C40 ta yi nazari a 2018 a kan birane 79, ta tarar cewa idan aka ƙirga bisa abin da mazauna ke amfani da shi, hayaƙin ya ɗara na lissafin da aka saba da kashi 60 cikin 100. Birnin da masana'antunsa suka rufe, ya koma sayen kaya daga waje, zai ga alƙalumansa sun faɗi ba tare da duniya ta ƙaru da komai ba.

Idan kina son alama guda da za ki riƙe, ki duba ko shirin yana da kasafi na shekara-shekara. Birnin Oslo na ƙasar Norwe ya fara wannan a 2017: ana lissafa tan-tan na hayaƙi kamar yadda ake lissafa kuɗi, sashen kuɗi na majalisar ne ke riƙe da littafin, kowane mataki an rubuta sashen da ke da alhakinsa da adadin da ake sa ran zai rage, kuma ana kawo rahoto tare da rahoton kashe kuɗi. Burinsu rage kashi 95 cikin 100 zuwa 2030 bisa ma'aunin 2009. Ko sun kai ko ba su kai ba, kowa zai iya buɗe littafin ya ga inda aka tsaya da wanda ya yi jinkiri. Na ga alkawura da yawa da aka ɗaga zuwa shekarar da duk masu sa hannu za su riga sun bar kujerunsu, kuma ban taɓa yarda da lissafin da babu wanda za a kira ya amsa tambaya a kansa a ƙarshen shekara ba.

Injiniyan Gine-gine ya amsa:

Na yarda da bayanin Malam Akawu, sai dai ina so in ja hankalin Malama zuwa ga ayyukan kansu, domin lissafi mai kyau ma yana iya zama a kan aikin da bai taka kara ya karya ba.

Abu na farko da kusan kowace majalisa ke yi shi ne sauya fitilun titi zuwa na LED, kuma daidai ne, domin yana rage wutar da suke sha da rabi ko fiye, yana kuma mayar da kuɗinsa cikin 'yan shekaru. Amma wannan shi ne mai sauƙin. Nauyin yana cikin gine-gine da sufuri. Na taɓa shiga wani ginin hukuma da aka sa wa faifan sola a rufi, aka kafa allo a ƙofar shiga yana nuna wutar da ake samu kowace sa'a, amma da na hau bene na biyu sai na tarar na'urorin sanyaya ɗaki na aiki a ofisoshin da babu kowa, tagogi ba sa rufuwa da kyau, har na sa hannu a gefen firam na ji iskar waje tana shigowa. Abin da solar ke samarwa, tagogin nan na zubar da shi. Toshe irin wannan ɓaraka, da sa abin hana zafi ratsawa a rufi da bango, ba su da kyan hoto a jarida, amma su ne ke rage buƙatar wutar tun daga tushe. A ƙasashe masu sanyi matsalar ita ce ɗumama gida, inda na'urar jawo ɗumi, wadda ke amfani da lantarki ta janyo ɗumi daga waje zuwa cikin gida, ke ba da zafi ninki uku zuwa huɗu na wutar da ta sha. A ƙasashe masu zafi kuwa sanyaya gida ne, kuma hukumar makamashi ta duniya ta ƙiyasta a 2018 cewa na'urorin sanyaya ɗaki da fankoki na cinye kusan kashi 10 cikin 100 na wutar lantarkin duniya. A nan ne ikon majalisa na ba da izinin gini ke da muhimmanci, domin ginin da aka amince da shi bana zai kai shekara hamsin yana shan wuta bisa yadda aka zana shi.

A fannin sufuri, lita ɗaya ta fetur idan ta ƙone tana fitar da kimanin kilo 2.3 na hayaƙin kabon, ta dizal kuma kusan kilo 2.7, don haka Malama za ta iya gwada duk wani adadi da ke cikin kundin da kanta. Birnin Shenjen na ƙasar Sin ya mayar da bas-bas ɗinsa sama da 16,000 masu amfani da lantarki zuwa ƙarshen 2017, wanda babban aiki ne, ko da yake ribarsa ta kabon ta rataya a kan abin da ake ƙonawa a tashar wuta. Abin da ya fi sauya injin bas tasiri shi ne fitar da mutum daga motarsa ya shiga bas ɗin, kuma wannan ba ya faruwa sai bas ya fi motar sauri. Kuritiba ta Barazil ta ware wa bas hanyarsa tun 1974, Bogota ta Kolambiya ta bi bayanta a 2000. Ware layi ɗaya na titi ba ya buƙatar sabuwar fasaha, ƙarfin halin kansiloli yake buƙata.

Kada kuma a manta da bola. Ragowar abinci da ganyaye idan suka ruɓe a ƙarƙashin tarin shara inda iska ba ta shiga, suna fitar da iskar metan, wadda ƙarfinta na riƙe zafi ya ninka na kabon kusan sau 80 a cikin shekara 20. Shara kuwa kusan ko'ina a hannun majalisa take ɗungurungum, ba ta da wanda za ta ɗora wa laifi.

Darasin da na fi so Malama ta tafi da shi zaman shi ne na Kofenhegen, babban birnin Danmak. Ya ɗauki alkawarin zama babban birni na farko da zai kai sifili a 2025, kuma ya yi aiki na gaske: kusan dukkan gidajensa na samun ɗumi ta bututu daga tashoshi na bai-ɗaya, an daina ƙona kwal, an shimfiɗa hanyoyin keke, hayaƙinsa ya ragu da fiye da kashi 70 cikin 100. Amma ragowar an rataya ta ne a kan aiki guda, wato na'urar kama kabon da za a sa a tashar ƙona shara ta Amager, wadda ke da filin wasan zamiya a kan rufinta. Da tallafin gwamnatin ƙasa bai samu ba, sai a 2022 hukumomin birnin suka fito suka ce 2025 ba za ta yiwu ba. Duk shirin da babban kasonsa ke jiran wata na'ura da ba a gina ba, ko kuɗin da ba a hannun majalisa yake ba, a tambayi masu shi abin da za su yi idan abin bai zo ba.

Malamar Makaranta ta amsa:

Malamai biyun da suka gabace ni sun yi magana a kan tan da na'urori, ni kuma ina so in yi magana a kan wanda zai ɗauki nauyin, domin a nan ne shirye-shirye masu kyau ke karyewa.

Mai hali yana iya sayen sabuwar mota mai lantarki ya ci gaba da rayuwarsa kamar ba a yi komai ba. Wanda ke tuƙa tsohuwar mota domin ita kaɗai ya iya saya, yana zaune a gefen gari inda haya ta fi sauƙi kuma bas ba ya zuwa da asuba, shi ne harajin shiga tsakiyar birni ke faɗa wa a ka. Haka ma ɗan haya: shi ke biyan kuɗin wuta, amma ba shi da ikon gyara rufin, mai gidan da ke da ikon kuwa ba shi ke biya ba, don haka babu mai gaggawa. Zanga-zangar masu rigunan ɗorawa da ta ɓarke a Faransa a watan Nuwamba na 2018 ta samo asali ne daga ƙarin harajin man fetur da aka ce don yanayi aka yi, kuma mutanen karkara da na gefen birane ne suka fara fitowa. A Landan, da aka faɗaɗa yankin da ake cajin tsofaffin motoci fam 12.50 a kullum zuwa dukkan unguwannin birnin a watan Agusta na 2023, an yi ta ce-ce-ku-ce mai zafi duk da tallafin da aka ware na sauya mota. Ya kamata a sani kuma cewa wannan tsari an yi shi ne musamman domin tsabtace iskar da mutane ke shaƙa, kuma tasirinsa a kan kabon ƙarami ne idan aka kwatanta da tasirinsa a kan lafiyar huhu. Haɗa abubuwan biyu a magana ɗaya na rikita jama'a.

Misalin da ya fi burge ni shi ne na birnin Notingham a Ingila. Tun 2012 majalisar birnin ke karɓar haraji daga manyan ma'aikatu bisa wuraren ajiye motoci da suka tanadar wa ma'aikatansu, an keɓe ƙananan da ba su wuce wuri 10 ba, kuma doka ta ɗaure kuɗin a kan sufuri kaɗai. Da shi aka taimaka wajen tsawaita layin jirgin cikin gari da aka buɗe a 2015. Mutum yana iya ƙin harajin, amma yana ganin abin da aka yi da shi yana wucewa ta ƙofar gidansa. Ina roƙon 'yar'uwa ta duba jerin matakan da ke cikin kundin ta ga wanne aka sa a gaba: idan caji da tara sun riga bas da gyaran gidajen masu ƙaramin ƙarfi zuwa, to, za a rasa goyon bayan jama'a tun kafin a yi nisa, kuma majalisa ta gaba za ta warware abin da wannan ta tufka.

Mai Neman Sani ta sake rubutawa:

Allah Ya saka muku da alheri, na ƙaru ƙwarai. Na koma na auna koren ɓangaren da rula, na tarar ya kusa kashi ɗaya bisa huɗu na tsawon ginshiƙin shekarar farko. A ƙasan shafin an ce za a cike shi da dashen itatuwa da kuma sayen takardun shaidar rage hayaƙi daga wasu wurare. Ni mai son itatuwa ce, kuma wannan ne sashen da ya fi faranta mini rai a karatuna na farko. Shin akwai aibi a cikinsa?

Ma'aikacin Gandun Daji ya amsa:

Malama, aikina ke nan, kuma ba zan taɓa hana kowa dasa itace ba, amma gaskiya ita ce itatuwan cikin birni ba za su iya ɗaukar kashi ɗaya bisa huɗu na hayaƙin birni ba, ko kusa. Dashen da aka sa a rami yau, mai kaurin yatsa, abin da yake janyewa a shekarunsa na farko kaɗan ne ƙwarai, sai ya yi shekaru goma ko ashirin kafin ya fara aiki sosai, wannan ma idan ya rayu. Na sha komawa wurin da aka yi bikin dashe bayan shekara guda in tarar da sanduna da kejin waya a tsaye, dashen kuwa ya bushe, saboda an ware kuɗin saye da na biki amma ba a ware na ban ruwa ba. Adadin da ya kamata majalisa ta riƙa bayarwa shi ne na itatuwan da suka kai shekara uku da rai.

Akwai kuma bambancin da ke tsakanin kabon ɗin da ke fita da wanda ake ajiyewa. Wanda ya fito daga man fetur ya yi miliyoyin shekaru a ƙarƙashin ƙasa, kuma idan ya hau sama wani kaso nasa zai yi ɗaruruwan shekaru a can. Wanda itace ya riƙe kuwa yana nan ne muddin itacen na tsaye. Gobara ɗaya ko fari ɗaya na mayar da shi. A 2021 gobarar daji a jihar Oregon ta Amurka ta cinye wani yanki na dajin da aka riga aka sayar da takardun kabon ɗinsa ga kamfanoni. Takardun da ake saye daga nesa suna da wata matsalar kuma: da yawansu ana biya ne domin kada a sare dajin da ake cewa da an sare shi, kuma tabbatar da abin da da zai faru yana da wuya ƙwarai.

Amfanin itace a birni yana wani wuri dabam, kuma babba ne. Inuwa na sanyaya titi da bango, ta rage wutar da ake ƙonawa wajen sanyaya ɗaki, saiwoyi na shanye ruwan sama, mai tafiya a ƙasa da mai keke kuma suna samun hanyar da za su iya bi da rana tsaka. Birnin Medelin na Kolambiya ya fara dasa korayen hanyoyi 30 a gefen tituna da magudanan ruwa daga 2016, hukumominsa kuma sun ba da rahoton raguwar zafi da kimanin digiri 2. Ki goyi bayan dashen da dukkan ƙarfinki saboda wannan, amma ki nemi a cire shi daga gurbin da aka sa shi, a nuna ainihin abin da ya rage ba a san yadda za a yi da shi ba.

Tsohon Akawu ya ƙara da cewa:

Ina da 'yar ƙaramar saɓani da Injiniya a kan Kofenhegen, kuma ina ganin tana da amfani ga Malama. Ya kawo labarin a matsayin gargaɗi, kuma gargaɗin gaskiya ne, amma ni abin da na gani a ciki shi ne birnin da lissafinsa ke a bayyane har ya kai ga dole ya fito ya ce bai kai ba, shekara uku kafin wa'adin, alhali yana iya sayen takardu masu araha ya rufe giɓin ya yi shelar nasara. Birnin da ya sa wa kansa buri mai tsauri ya sauke fiye da kashi 70 ya fi mini wanda ya sa buri mai nisa bai motsa ba. Inda nake da tambaya a kansu shi ne wani wuri da Injiniya bai taɓo ba: babban ɓangare na raguwar ya samu ne daga sauya kwal da ƙona itace da ɓaraguzansa, waɗanda ake shigo da mafi yawansu daga wasu ƙasashe, kuma ƙa'idar lissafi na rubuta hayaƙinsu a matsayin sifili a wurin da aka ƙona su bisa hujjar cewa dajin zai sake tsirowa. Masana da yawa na jayayya da wannan, domin hayaƙin na fita yau, tsirowar kuwa sai bayan shekaru masu yawa. Don haka ko shirin da ya fi kowanne suna yana da layin da ya kamata a sa wa jan biro.

Wani abu kuma da na manta ban faɗa ba shi ne ƙarfin da majalisa ke da shi a matsayinta na mai saye. Oslo ta gwada wannan a 2019, inda aka gyara wani titi a tsakiyar birnin da injunan haƙa masu amfani da lantarki, saboda majalisa ta sa shi cikin sharuɗɗan kwangila. Ɗan kwangilar da ya sayi irin wannan inji domin aikin majalisa zai kai shi sauran ayyukansa. Malama ta duba ko kundin ya ce wani abu a kan sharuɗɗan kwangila da irin simintin da za a riƙa saye, tunda siminti kaɗai na da alhakin kusan kashi 8 cikin 100 na hayaƙin kabon na duniya.

Mai Neman Sani ta rubuta:

Na duba, Malam, babu ko layi ɗaya a kan kwangila, kuma babu adadin shekara-shekara, sai na shekarar farko da na ƙarshe. An ba kowane mai magana minti uku a zaman, don haka na zaɓi abu biyu. Zan nemi a raba burin birnin zuwa adadin kowace shekara, a rubuta sashen da ke da alhakin kowane mataki, a kuma riƙa karanta rahotonsa a ranar da ake karanta rahoton kasafin kuɗi. Sannan zan nemi a fasa koren ɓangaren gida biyu, a nuna tan nawa ake sa ran samu daga itatuwa da tan nawa daga takardun saye. Maganar Malamar Makaranta a kan 'yan haya da masu tsofaffin motoci kuwa zan rubuta ta a takarda in miƙa wa sakataren zaman, domin an ce za a ci gaba da karɓar ra'ayi a rubuce har mako biyu bayan taron.